Littafin Bashi a Yakite: Tsakanin Tsohon Harshen Kwamfuta da Sabo

Wanda ya taso daga tsakiyar Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya miƙe titin Barthélemy Boganda, da ya ci kilomita biyar zai tarar da kansa a unguwar da wannan tazara ta zame mata suna. Ita ce Kilomita Biyar, wadda takardun Faransanci ke rubutawa PK5. Nan ce cibiyar cinikin birnin, kuma nan ne Hausawa da Fulani da sauran Musulmi suka fi yawa. Ƙasar ba ta da teku, saboda haka yawancin hajar da ake kasawa a wurin daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru take tasowa, ta yi tafiyar kusan kilomita 1,500 a manyan motoci, ta ƙetare iyaka a Garoua-Boulaï, ta ratsa Bouar, kafin a sauke ta. Yakite ɗaya ce daga cikin ƙananan unguwannin da suka haɗu suka zama Kilomita Biyar. A cikinta akwai wani kantin sari na shinkafa da sukari da fulawa da man girki, wanda mai shi da ɗan ƙanwarsa suka shafe watanni suna ja-in-ja a kan abin da ba a saba jin an yi gardama a kansa a kasuwa ba, wato harshen da kwamfutar kantin za ta ci gaba da riƙe lissafi da shi.

Mai kantin dattijo ne da ya haura sittin, kowa Alhaji yake ce masa. A Bangui aka haife shi, kakansa ne fatauci ya kawo daga ƙasar Hausa. Hausa yake yi a gida, Sango a bakin kanta, Faransanci kuwa sai takardar kwastan ko ta haraji ta taso. Mafi yawan cinikinsa bashi ne. Masu tebura da masu ƙananan shaguna sukan ɗauki buhu ko katan, su sayar, su kawo kuɗi bayan mako ɗaya ko biyu, su sake ɗauka. Don haka kaso mai yawa na jarinsa a hannun mutane yake kwana, kuma abin da ke tsare da shi shi ne rubutun da ke nuna wanda ya ɗauka, da abin da ya ɗauka, da ranar, da abin da ya biya, da abin da ya rage.

A farkon shekarun 2000 wani maƙwabcinsa, malamin lissafi a makarantar sakandare, ya gina masa manhajar da ta maye gurbin manyan littattafan bashi. Da harshen Visual Basic 6 ya gina ta, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 1998, ya kuma ajiye bayanan a rumbun Access. A nan akwai abin da ya kamata a bambance tun da wuri. Mai gina manhaja yakan rubuta umarninsa da wani harshe da ɗan Adam ke iya karantawa ya gyara, wannan shi ne rubutun asali. Daga nan sai a juya rubutun zuwa lambobin da inji kaɗai ke fahimta, wannan juyin shi ake ɗora wa kwamfutar mai kanti. Wanda ke riƙe da juyin zai iya aiki da manhajar, amma gyara ta sai mai rubutun asali. Shekara da shekaru malamin yakan leƙo kantin bayan sallar Juma'a, Alhaji ya ce yana so a ƙara kaza, malamin ya koma gida ya ƙara, ya kawo sabon juyi. Babu wanda ya taɓa rubuta waɗannan ƙare-ƙare a takarda.

Ranar 5 ga Disamba 2013 rikici ya auka wa Bangui, kuma a watannin da suka biyo baya dubban Musulmi suka bar birnin a ayarin motoci zuwa Cadi da Kamaru. Alhaji yana cikin waɗanda suka nufi Garoua-Boulaï. Bai iya ɗaukar buhu ko ɗaya ba. Abin da ya sa aka yi shi ne aka kwance kwamfutar, aka ciro faifan ma'ajiyarta, ya naɗe shi a rawani ya tura a ƙasan jaka. Da ƙura ta ɗan lafa, bayan ziyarar da Fafaroma Francis ya kai babban masallacin Koudoukou na unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015, ya komo ya tarar da sito fayau. Aka samo wata tsohuwar kwamfuta aka saka faifan, bayan 'yar wahala manhajar ta buɗe, sunaye suka jeru kamar jiya aka rufe. Da abin da masu amana suka biya daga cikin wannan jeri ya sake tayar da kanti. Malamin lissafin kuwa bai komo ba, lambar wayarsa ta daina shiga. Abin da aka samu na rubutun asali wani faifan CD ne a cikin durowa, wanda ya girmi manhajar da ke aiki da shekaru, babu yawancin ƙare-ƙaren Juma'a a cikinsa.

Hujjojin ɗan ƙanwa

Yaron ya yi karatun kimiyyar kwamfuta a Kamaru, da ya gama kawunsa ya ɗora shi a kan lissafin kanti. Mako guda ya yi a gaban allon ya ce manhajar nan sai an sauya ta. Masana suna kiran irin harshenta harshen gado, wato wanda aka gada ana aiki da shi amma masu shi sun daina raya shi. Shi kuwa yana so a koma ga harshe mai hawa kowace na'ura, wanda za a rubuta manhaja da shi sau ɗaya ta yi aiki a Windows da Linux da wayar Android. Hujjojinsa huɗu ne, kuma babu ta banza a cikinsu.

Ta farko ita ce kulawa. Tun 2002 Microsoft ya fitar da Visual Basic .NET, wanda duk da kamar suna ya sha bamban da na shida ta yadda tsohon rubutu ba ya shiga cikinsa sai da gyara mai yawa. A Afrilun 2008 kamfanin ya daina kula da kayan aikin gina manhaja na Visual Basic 6. Gaskiya ne har yanzu Windows 10 da 11 suna ɗauke da abin da ke gudanar da manhajojin da aka riga aka gina da shi, amma ƙasan da suke tsaye a kai kullum zaizayewa yake. An daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Duk sauyin kwamfuta a kantin ya zama caca, don in wani ɓangare ya ƙi aiki babu mai rubutun da zai gyara.

Ta biyu ita ce wurin da ciniki yake. Bashi da ƙafa ake karɓarsa. Yaran kanti suna zagaya kasuwa da 'yar takarda, su dawo da yamma a shigar da abin da suka karɓo, kuma a tsakanin takarda da allo ne kuskure ke shiga. Wasu masu biya ma ta Orange Money suke turowa. Kowane yaro yana da wayar Android a aljihu, amma manhajar ba ta san wata na'ura ba sai kwamfutar Windows. Ga kuma batun lantarki. Yawancin wutar Bangui daga madatsar Boali take zuwa, mai nisan kusan kilomita 100, kuma ba ta wadatar da birnin, rabawa ake yi unguwa-unguwa. Kwamfutar tebur sai an tayar mata da janareta, waya kuwa ɗan faifan sola ya ishe ta.

Ta uku ita ce doka. Ƙasar tana cikin ƙungiyar OHADA, mai daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka 17, kuma sabon tsarin lissafinta na SYSCOHADA ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018 da sauye-sauye a lambobin asusu da fasalin rahoton shekara. Manhajar kantin tana nan a kan tsohon fasali. Kowace shekara sai an biya akanta ya zauna ya juya alƙaluman da hannu.

Ta huɗu ita ce wadda ɗalibin Hausa zai fi ji a jikinsa. Akwatunan rubutu na Visual Basic 6 da tsohon jadawalin haruffa suke aiki, wanda a kwamfutocin Faransanci da Ingilishi ake kira Windows-1252, mai gurbi 256 kacal. Akwai é da ç na Faransanci a ciki, akwai â da ä da Sango ke nuna karin sauti da su, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. In aka matsa sai allon ya nuna alamar tambaya. Saboda haka duk Ɗanladi a littafin Danladi ne, baƙi da baki duk ɗaya ne, kuma in akawu ya rubuta "ya bata" a gefen buhun fulawa, mai karatu ba zai san ko buhun ne ya ɓata ko wani ne ya ba wata ba. Jadawalin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba kowane harafi mai lanƙwasa lambarsa, har da haruffan Larabci da ake ajami da su, kuma harsunan da yaron ke so duk a kansa suke tafiya.

Amsar Alhaji

Dattijon ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Na ji. Amma ka taɓa ganin ta ci mini dala ɗaya?"

"A'a, Kawu."

"To, ni na ga abin da ta riƙe mini lokacin da ba ni da ko kwano. Da tsohuwar zuma ake magani."

Yaron ya ɗauki wannan a matsayin sabo, wanda Hausawa ke ce wa turken wawa, ko da yake bai furta ba. Sai dai maganar dattijon tana da magoya baya a wuraren da suka fi Yakite kuɗi nesa ba kusa ba. Harshen COBOL a 1959 aka tsara shi, kuma har yau manyan bankuna da hukumomin gwamnati a ƙasashe da dama da shi suke lissafi. Ba rashin kuɗin sauyi ne kaɗai ke riƙe su ba. Manhajar da ta yi shekara talatin tana aiki ta riga ta ci karo da kowane irin baƙon lamari an gyara ta, sabuwa kuwa sai ta fara nata tuntuɓen daga farko. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe asusun abokan cinikinsa daga tsohon tsari zuwa sabo a ƙarshen mako guda. Mutane har kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu yadda ya kamata, wasu suka ga bayanan da ba nasu ba, kuma a Disamban 2022 hukumomin kula da harkar kuɗi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Amma zama a kan tsoho shi ma yana da ranar biyansa. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, da masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsohon tsarin jihar New Jersey ta Amurka yawa, sai da gwamnan jihar ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL.

Da yaron ya zauna yin bincike don ya ƙarfafa hujjarsa, sai ya tarar da abin da ya rage masa zafi. Su ma kayan aiki masu hawa kowace na'ura suna tsufa, wani lokaci ma da sauri. Kamfanin Adobe ya rufe PhoneGap a 2020. Xamarin, wanda Microsoft ya saya a 2016, an daina kula da shi ranar 1 ga Mayu 2024, aka ce masu amfani da shi su ƙaura zuwa .NET MAUI. Python 2 ya kai ƙarshen wa'adinsa ranar 1 ga Janairu 2020, aka yi shekaru ana juya rubuce-rubuce zuwa Python 3. Flutter na kamfanin Google, wanda zuciyarsa ta fi kwantawa da shi saboda kyan allonsa a waya, sai a Disamban 2018 fitowarsa ta farko tsayayya ta zo, kuma kayan aikinsa manya ne, sabunta su yana cin intanet mai tsada. Alƙawarin rubutu ɗaya ga kowace na'ura ma ba cikakke ba ne. Ƙa'idojin lissafi sukan tafi ko'ina, amma injin buga rasit da girman allo da hanyar ajiya kowace na'ura da halinta.

Abin da ya fi tsaya masa shi ne shekarun haihuwa. Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, ya girmi Visual Basic 6 da shekara uku. Python ma na 1991 ne. Duk da haka babu mai kiransu harsunan gado. Ashe abin da ke mayar da harshen kwamfuta na gado shi ne abin da ke kashe harshen mutane, wato yankewar masu koyo. Muddin ana koyar da harshe a makaranta, ana gyara kayan aikinsa, kuma yaro zai iya cin abinci da shi, yana raye ko shekarunsa nawa. Ranar da masu jinsa suka watse, ko da jiya aka haife shi, abin da aka rubuta da shi ya zama ajiyar da babu mabuɗinta.

Ya kawo wannan magana ga kawunsa da niyyar nuna masa cewa tsohuwar manhajar ba ta da masu ji. Dattijon ya juya masa ita.

"Malam ya tafi ya bar ni da abin da ba mai iya buɗe cikinsa. Kai yanzu kana so ka gina mini naka. Kai ma ai neman aiki kake yi a Duwala, uwarka ta gaya mini. In ka tafi, wa zai karanta naka?"

Yaron bai sami amsa a wannan dare ba. Tambayar ce kuwa ta sauya aikin gaba ɗaya, domin ta nuna cewa ciwon kantin bai tsaya ga sunan harshe ba. Kantin ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya, kuma sabuwar manhaja da mutum ɗaya ya gina a ɗakinsa za ta komar da shi gidan jiya bayan 'yan shekaru. Dokar lissafi ta OHADA ta wajabta ajiye littattafan ciniki shekara goma. Sai suka ɗauki wannan wa'adi ya zama ma'auni: duk abin da za a zaɓa, dole wani baƙo da bai san su ba ya iya buɗe shi ya gane bayan shekara goma.

Yadda suka ɓullo wa lamarin

Abu na farko da suka yi bai shafi harshe ba. Yaron ya fitar da dukkan bayanan daga rumbun Access zuwa rubutu zalla mai layi-layi, wanda kowace kwamfuta ke buɗewa, sannan ya zuba su a SQLite. Wannan ƙaramin rumbu ne na kyauta da ya fito a 2000, yana ajiye komai a fayil ɗaya, yana cikin kowace wayar Android, ba ya bukatar intanet, kuma kusan kowane harshen gina manhaja yana iya magana da shi. Masu kula da shi sun bayyana niyyar riƙe shi har 2050, ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka kuma ya sa shi cikin fasalolin da yake ba da shawarar a adana bayanai da su. Daga ranar aka raba dukiya da ma'ajinta. Ko wace manhaja ta mutu, sunaye da alƙaluma suna nan a inda wani zai iya ɗauka. Kowace Juma'a ana kwafar fayil ɗin gida biyu, ɗaya a kai gidan Alhaji, ɗaya a aika wa ƙaninsa a Kamaru.

Abu na biyu littafi ne na takarda. Tun da rubutun asali bai cika ba, sai yaron ya riƙa zama da kawunsa bayan la'asar yana tambaya yana rubutawa da Hausa: wa ake ba bashi, har nawa, bayan kwana nawa ake tsayar masa, yaya ake raba kuɗin mota da na kwastan a kan kowane buhu. Nan ya gano ƙa'idojin da ba ya cikin kowane littafin makaranta. Tsofaffin abokan ciniki da dala suke ƙirga, wato sefa biyar-biyar, da kuma jaka, wato sefa dubu, kuma manhajar tana da gurbin da ke karɓar farashi a haka ta juya da kanta. Saboda ƙarancin canji a gari, jimillar rasit takan sauka zuwa adadin da za a iya biya da kuɗin da ke hannun mutane, ragowar ta koma asusun mai saye. Har a abin da ya zaci lissafi ne tsantsa ya sami bambanci. Harajin kaya na kashi 19 cikin ɗari a kan sefa 350 ya kama 66 da rabi, sefa kuwa ba ta da rabi. Umarnin cike adadi na Visual Basic 6 yakan kai rabi ga lamba mai rabuwa biyu da ta fi kusa, ya ba da 66, shi kuwa umarnin da aka fi amfani da shi a Java sama yake kaiwa, ya ba da 67. Sefa ɗaya ba komai ba ce a rasit ɗaya, amma ta isa ta hana jimillar wata ta dace, ta kuma sa dattijo ya ce sabuwar tana ƙarya.

Sai a mataki na uku aka zo zaɓen harshe, kuma da ƙirgen mutane aka yi shi. Yaron ya bi abokan karatunsa da masu gyaran kwamfuta da ya sani a Bangui yana tambayar abin da kowa ya iya. A cikinsu masu Java suka fi yawa, don shi aka koya musu a aji. Ya haƙura da Flutter ba don ya gaza ba, ya ɗauki Java, wanda ke gudana a Windows da Linux ta hanyar injinsa na tsakani, kuma da shi aka daɗe ana gina manhajojin Android. Ya rubuta ƙa'idojin lissafi wuri ɗaya, kuɗi duk a cikakkun lambobi ba gutsure, ya yi wa kwamfuta allonta, waya nata. Alhaji ya kafa sharaɗi biyu: rubutun asali mallakar kanti ne, kwafinsa yana cikin akwatin ƙarfe tare da takardun fili, kuma wani saurayi na biyu zai riƙa zama ana biyansa yana karanta duk abin da aka rubuta, in bai gane ba a sake.

Mataki na huɗu shi ne kada a yi sauyin dare ɗaya. Masanin gina manhaja Martin Fowler ya kwatanta wannan dabara a 2004 da irin itacen ɓaure da ke tsirowa a jikin wani itace, ya saki saiwoyi a hankali har ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya san yadda ceɗiya ke kama wata bishiya ya san abin da ake nufi. Sabuwar manhajar ta fara da aiki ɗaya tak, karɓar biya a wayar yara. Bayan ta zauna aka ba ta lissafin sito. Littafin bashi shi ne na ƙarshe, kuma aka yarda za a riƙa shigar da komai a tsohuwa da sabuwa tare, a gwada jimilla kowane ƙarshen wata, ba za a kashe tsohuwar ba sai sun dace wata uku a jere.

Alamar tauraro

A wata na farko ba su dace ba. Jimillar bashin da sabuwar ta fitar ta ɗara ta tsohuwar da kuɗi masu yawa, irin da ba za a ɗora wa cike adadi ba. Yaron ya kwana biyu yana bin layi ɗaya-ɗaya, har ya gano cewa akwai sunaye da ke da 'yar alamar tauraro a ƙarshensu, kuma duk mai wannan alama tsohuwar manhajar ba ta sa shi a jimilla, ba ta kuma fito da shi a jerin waɗanda za a bi. A faifan CD ɗin babu wannan ƙa'ida, a littafin takarda ma ba ta fito ba, don bai san zai tambaya ba. Ya ɗauka kuskure ne na malamin, har ya shirya gyarawa. Sabuwar manhajar kuwa an riga an gina mata hanyar aika saƙon tuni ga wayar duk wanda bashinsa ya wuce wa'adi, ana jiran a kunna.

Ya kai wa kawunsa takardar sunayen bayan sallar isha'i. Dattijon ya sa tabarau ya bi su da yatsa, ya daɗe bai ce komai ba.

"Wannan tun da daɗewa na sa Malam ya yi mini, saboda wanda ya rasu da bashina a kansa. In na yafe sai in sa alamar. Da can ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk bayan mun komo na sa musu."

"Kawu, to me ya hana ku share su? Da lissafin ya fi sauƙi."

"In na share, wa zai san sun taɓa tsayawa a bakin kantar nan? Wasunsu ko kabarinsu ba a sani ba. Kuma lambobin da ke jikin sunayen, da yawa matansu ne ke riƙe da wayoyin yanzu."

Yaron ya tuna da saƙon tunin da ya rage kaɗan ya kunna, jikinsa ya yi sanyi. Washegari ya buɗe littafin takarda ya rubuta ƙa'idar a shafin farko, da Hausa, da haruffa masu lanƙwasa a inda suka dace. A cikin sabuwar manhajar ya yi wa waɗannan asusu gurbi nasu mai suna "an yafe", wanda ba ya shiga jimilla, ba a aika masa saƙo, ba ya kuma sharuwa. Ya sa saurayi na biyu ya karanta wurin ya maimaita masa abin da ya fahimta.

A wata na biyu jimillar ta dace har sefa. Tsohuwar kwamfutar tana nan a bayan kanta, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura, kuma Alhaji ya ce ko an cika wata ukun kada a fitar da ita. Takardar neman aikin yaron tana Duwala ana dubawa. In amsa ta zo zai tafi, littafin takarda da mabuɗin akwatin ƙarfe kuma za su zauna a Yakite.